Ta'aziyyar Kyanwar Hajiya

Ko na tsufa tukuf, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa kyanwa ta'aziyya a Azare. Lokacin mulkin soja ne, ina mataimaki a asibitin dabbobi, aikina kayar da bijimai da yi musu allura, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro saniya.

Wata safiya sai ga wata Hajiya da kyanwa a cikin kwando, kyanwar tana numfashi da ƙyar. Tun rasuwar maigidanta, in ji ta, ba ta da abokiyar hira sai wannan kyanwa. Likitanmu, Dakta Bulus, mutumin kudancin Bauchi, ya saurari ƙirjin kyanwar, ya zuƙo wani ruwa jaja-jaja da sirinji. Ya ce yana zaton wani ɓangaren huhunta ne ya murɗe kamar an matse wanki, sai an buɗe an yanke shi.

"Tiyata? Wa kyanwa?" na ce. Ya harare ni.

Aka yi mata allurar barci, aka ba ni wata jakar roba in riƙa matsawa, ni ne numfashinta. Dakta ya buɗe tsakanin haƙarƙari, ga huhun nan baƙi ƙirin kamar hanta. Ya ɗaure, ya yanke, ya ɗinke, ya fita wanke hannu bai ce mini uffan ba.

Na dubi kyanwa. Ido a buɗe ƙur, harshe a waje, ta sanƙare. (Ashe haka wannan allurar take yi musu. Wa ya gaya mini? Ni ɗan shanu ne.) Na ce shi ke nan, Dakta ya kasa faɗa ne. Na shafe mata ido, na lulluɓe ta da tawul, na fita wajen Hajiya na durƙusa.

"Hajiya, sai haƙuri. Wanda ya fi mu sonta ya karɓi abarsa."

Ta saka salati, ta fashe da kuka. Fulanin da suka kawo shanu suka matso suna tambaya ko jikarta ce. Ni kuwa baki ya buɗe, har da wa'azi, wai dukanmu tafe muke.

Ina tsaka da "Allah ya sa ta huta" sai ga Dakta da tawul a hannu.

"Wane mahaukaci ya rufe mata fuska? Ga ta can tana motsi!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta share hawaye, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, in ka ji na kwanta ciwo, don Allah kada ka zo dubiya."

Kyanwa ta warke har ta yi ƙiba. Ni kuwa tun daga ranar, ko akuya na gani a cikin tukunya, ba na cewa ta mutu sai likita ya faɗa.