Yaro Na Goma Sha Uku

Ranar da zan kai 'yan ajina goma sha biyu kasuwar Agbogbloshie su koyi ƙirge da doya, na bugi ƙirji gaban iyayensu cewa ko ɗaya ba zai ɓace ba. Na kuwa cika alkawari. Muka dawo unguwarmu Maamobi ina tafiyar ƙasaita.

A ƙofar makaranta, ɗalibata Ramatu ta ƙirga kawuna. "Malam, mu goma sha uku ne!"

Har na sa a tafa mata, a zatona ta haɗa da ni, sai ga wata mai albasa ta diro daga motar haya ba kallabi, tana ihu, "Wa ya ɗauke mini ɗana Issaka?"

Har yau matan kasuwa kan ce, "Malam, albasa za mu ba ka gyara, ko yaro?"