Kiɗan da Ya Bi Mu Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka raka gawar maigidana daga Konni zuwa ƙauyensu, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen gari ne ba su ba ni dama ba.

Ni dillalin babura ne, sabo da tsoho duk ina sayarwa. Sana'ar a hannun Alhaji, maigidan nawa, na koye ta. Shekara goma sha ɗaya ina shagonsa, sannan na fita na buɗe nawa a tsallaken titi, daidai inda zai riƙa ganina kullum (a lokacin na ce wurin ne ya fi ciniki, gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba). Shi bai taɓa ce mini uffan ba. 'Ya'yansa ne suka riƙe abin a rai, musamman babbansu Mamman, wanda ya koma amsa gaisuwata da ka kawai. Abin da suke faɗa a gari shi ne ba ni da kunya, ban san girman wanda ya raine ni ba. Don haka da labarin rasuwar ya iso mini da hantsi, na ƙudura a raina cewa yau za su ga ladabi. Wannan ce dama ta ƙarshe da zan wanke kaina a wurinsu.

Matsalar farko abin hawa ce. Baburina na kullum ƙanen matata ya tafi da shi kasuwar Illela. Wanda ke da mai a shago guda ɗaya ne, shi kuwa na talla ne. Na lura samarin kabu-kabu, masu haya da babur, ba inji suke dubawa ba, kwalliya suke dubawa, sai na ɗauki babur ɗaya na kai wa Rabe makanike na ce, "Duk abin da samari ke so, sa masa." Rabe bai yi mini rowa ba. Ya yanke bayan ya ɗaga shi sama kamar jelar zakara, ya cire ƙarfen ɗaure kaya, ya zagaye wurin da ƙananan fitilu ja da kore da shuɗi, ya yi kujera mai hawa biyu ya lulluɓe ta da jar leda mai ƙyalli. Da ya kawo shi ya ce akwai wani abu da zai nuna mini. Na ce ya bari sai gobe, ina da baƙi.

Ni ba mahaukaci ba ne, na san ba a zuwa jana'iza da irin wannan. Sai na samu buhun gero na naɗe bayan gaba ɗaya, na ɗaure da roba, na shimfiɗa darduma a kan kujerar. Na ja baya na duba, na ga ya koma baburin mutumin kirki. Har na yaba wa kaina.

Alhaji ya bar wasiyya a binne shi kusa da iyayensa, a wani ƙauye gaba da Bazaga. Aka sa makara a bayan a-kori-kura, Mamman da ƙannensa suna riƙe da ita, mu kuma masu babura mun kai talatin muka jeru a baya. Ni na yi saurin cewa zan ɗauki Baba Isuhu, ƙanen marigayin, don a gani. Tsohon ya hau da ƙyar, ya zauna can sama yana kallon kowa daga bisa kaina, ya laluba bayansa bai samu abin riƙewa ba, sai ya damƙe kafaɗuna.

A kan kwalta lafiya lau muka tafi, ina daidai bayan motar gawa, ba mai magana. Da muka sauka hanyar ƙauye sai yashi ya fara. Duk mai babur ya san ba a kama birkin hannu a cikin yashi, musamman da tsoho a baya, sai na koma taka na ƙafa. Motar ta rage gudu a wani rami, na taka.

Sai kiɗa ya tashi a bayana. Kiɗan biki, mai zafi, irin wanda mata ke cire mayafi su ɗaura a ƙugu in an sa shi. Bai daɗe ba ya ɗauke.

Baba Isuhu ya sunkuyo kunnena ya ce, "Ɗana, kashe salular nan taka."

"Ba tawa ba ce, Baba."

"To tawa tana gida."

Na ciro tawa da hannun hagu na duba, ba wanda ya kira. Na kashe ta gaba ɗaya na mayar aljihu. A raina na ce tsohon ya manta ne, tana cikin aljihunsa, jikokinsa sun sa masa kiɗan banza. Na ji tausayinsa ma (ni fa, nake jin tausayin wani).

Muka zo wata kwana, na taka. Kiɗa ya sake tashi. Wannan karon na ga ƙanen Mamman ya ɗago kai daga kan makara. Baba Isuhu ya saki kafaɗata ɗaya yana lalube aljifansa, ya ce, "Wallahi babu ta. Halan yaran can na baya ne."

Na waiga. Samari huɗu ne ke biye da mu, 'yan kabu-kabu, duk na san su, biyu ma a wurina suka sayi baburansu. Suna kallona da wata irin fuska. Ɗaya yana yi mini nuni da hannu, ɗaya ya cije leɓe yana kallon gefe. Na ce lalle su ne, har dariya suke yi. Raina ya ɓaci.

Abin da ya ruɗa ni shi ne mai wannan kiɗa kamar yana karanta zuciyata. Duk sanda na rage gudu don in kama shi, sai ya kunna. Na saki in matsa gaba, sai ya kashe. Na gwada yi masa dabara: na yi kamar ban damu ba, na tafi na tafi, sai na taka birki kwatsam na juya. Ya riga ni kunnawa. Na ce wannan yaro ba ƙaramin shaiɗani ba ne.

Baba Isuhu kuwa ya fara karanta addu'a a hankali. Can ya ce, "Ɗana, ni kamar ƙarƙashina nike jin shi."

"Iska ce ke kawo shi, Baba," na ce, da muryar wanda ya san aiki.

Muna hango itatuwan maƙabarta, mutanen ƙauye sun fito sun jeru suna jira, kiɗan ya tashi a karo na shida ko na bakwai. Na ga Mamman ya juyo ya kafe ni da ido. Na fassara kallon da cewa, kai ne babba a cikin masu babura, ka yi wani abu mana. To ga damar da nake nema ta zo. Na ja wuta na fita daga layi, na juya na tare hanya a kan wani ɗan tudu, na ɗaga hannu. Motar gawa ta tsaya, babura suka tsaya, kowa ya kashe inji. Ni ban kashe ba. Wurin gangare ne, ga tsoho a baya, sai na dafa ƙasa da ƙafar hagu, ta dama na danne birki da ita sosai.

Kiɗa ya kama, wannan karon bai ɗauke ba. Sai na ɗaga murya sama da shi.

"Wane ne wannan marar tarbiyya? Gawar ubanmu ce a gabanmu. Mutumin da ya ciyar da rabin garin nan, shi za ku raka da ganga? Ko wane ne ya fito, in ya haifu."

Ba wanda ya motsa. Na ci gaba. Na yi maganar yaran zamani, na yi maganar iyayen da ba su tsawatarwa. Ina cikin haka ganga ta kai ƙarshe, ashe akwai saura. Wata mata ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kyau, daga cikin buhun gero.

Na ji Baba Isuhu ya ɗan ɗaga jikinsa daga kan darduma.

Mamman ya diro daga mota ya tako a hankali har gabana. Bai dubi fuskata ba, ƙasa ya duba. Ya ce, "Ɗaga ƙafarka."

"Wace?"

"Ta dama."

Na ɗaga. Duniya ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya. Babur ya fara silalewa baya.

Nan ne na yi abin da har yau ba ni da bayaninsa. Wasu sun ce don kada tsoho ya faɗi ne, ina kuma gode musu. Amma gaskiya dillalin da ke cikina ne bai yarda ba sai ya tabbatar. Na sake takawa. Ganga ta faro daga farko.

Mamman ya miƙa hannu ya murɗe makullin ya zare. Baba Isuhu ya sauka, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Na faɗa maka ƙarƙashina ne." Ya ƙarasa maƙabartar da ƙafa.

Yadda aka yi sallah aka binne ba zan iya ba da labari ba, don ban ɗaga kaina ba. Na so in shiga cikin masu karɓar gawa a bakin kabari, ban iya ba. Na tsaya can baya tare da samarin da na zaga. Ɗayansu ya raɗa mini, "Alhaji, tun kwanar farko muke yi maka hannu." Na ce na gani.

Kwana uku ina zuwa zaman makoki da ƙafa, ina zama bakin ƙofa kusa da takalma. Na riga na sallama cewa tsakanina da gidan nan ya ƙare. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Mamman ya aiko a kira ni cikin zaure inda 'yan gida ke zaune. Na shiga ina jiran hukunci. Ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarmarsa, ya turo mini kwanon fura.

Ya ce, "Tun ranar da ka buɗe shagon nan ban ga ƙeyarka ba sai wanga sati. Kullum ƙirji kake nuna muna."

Baba Isuhu ya ce, "Ni na gan ta, tun daga Konni. Ba ta da kyau."

Aka yi dariya, ta farko a gidan tun rasuwar. Na ɗauki kwanon na sha furar.

Yanzu ni da Mamman muna gaisawa da baki. Suna kuma na samu, daga Tsarnawa har Malbaza, in ka ce Alhaji Mai Guɗa za a nuna maka shagona. Abin da na koya ba shi da yawa: in na ji hayaniya a cikin taro, kafin in tambayi wane ne, sai na fara ɗaga ƙafata. Ko a kan tabarma nake zaune.