Yadda Za Ka Yi Renon Mesar Kafilinka Har Ka Samu Bizar Hutu

Ɗan'uwa, idan kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya tafi hutun zafi ya bar maka amanar mesa, kwantar da hankalinka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jero su, mesa za ta rayu, kai ma za ka rayu, iƙamarka kuma, takardar izinin zamanka, babu mai taɓa ta. Ni Maiwada, direban tankar ruwa a unguwar Al-Sulay ta Riyad, ni na ja ragamar wannan aiki lokacin da ya faɗo wa abokina Tamimu, duk shawarar da ya bi daga bakina ta fito. Ban taɓa shiga ɗakin da mesar take ba, shi ya sa tsoro bai gurɓata mini tunani ba.

1. Ka amsa tun kafin ka fahimta

Tamimu direban gida ne a Al-Nasiriya, wurin wani Balarabe da ake kira Abu Mish'al. Bayan tahowarsa Riyad matarsa Mahbuba ta haihu a Kano, yarinya har ta fara tafiya bai taɓa ganinta ba sai a waya. Babu abin da yake nema irin bizar fita da dawowa, ita kuwa sai kafili ya ga dama.

Ana gobe tafiya Abu Mish'al ya ja shi wani ɗaki a gefen tsakar gida, ya yaye bargo daga kan akwatin gilashi. Ga mesa nan a naɗe, kaurinta ya kai damtse, wai sunanta Lulu. Ya ce mai sayarwa ya gaya masa irinta daga Afirka ta Yamma ake kawowa, saboda haka 'yar garinsu Tamimu ce, kuma ya san mutanen Afirka da macizai suke tashi. Tamimu haifaffen Fagge ne, macijin da ya taɓa gani a hannun gardawa yake, shi ma daga bayan taro ya leƙa. Maigidan ya yi dogon bayani da Larabci mai gudu. Abin da Tamimu ya tsinta shi ne akwai ɓeraye a firiza, kada tsohuwa mahaifiyar maigida ta sani, kuma in aka dawo aka tarar da Lulu lafiya za a buga masa biza. Ya dafa ƙirji ya ce, "Abshir," wato an gama.

Kai ma haka za ka yi. Mai yawan tambaya a gaban kafili iƙamarsa ba ta daɗewa.

2. Ka ciyar da ita daga nesa

Mesa ba kullum take cin abinci ba, ɓera ɗaya zai kai ta mako har da ɗori. Wannan shi ne kawai halinta da na yaba, da ma abokan ɗakina za su koya.

Ka fito da ɓeran daga firiza ka tsoma a ruwan ɗumi har ya saki. Kada ka yi wannan a butar shayinka. Tamimu ya yi, har yau ba wanda ya sake karɓar shayi daga hannunsa. An bar masa wani ƙarfe mai baki biyu na miƙa ɓera, amma gajere ne, sai na ce ya ɗaure shi a sandar mofa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya miƙa, ya runtse ido. Da ya buɗe, Lulu ta naɗe ɓeran tana haɗiya daga kai. Ya kira ni ya ce ashe abin ba wuya. Na ce masa da ma haka ilimi yake.

3. In ta ƙi ci, ka canza mata cima

Bayan wasu makonni Lulu ta kau da kai daga ɓera. Fatarta ta dusashe kamar an barbaɗa mata toka, idanunta suka yi fari-fari da shuɗi, ta shige ƙarƙashin ɓawon itacen da ke akwatin ta ƙi fitowa. Tamimu ya zo Al-Sulay ranar Juma'a ya kasa cin tuwo. Ya ce mesa ta makance a hannunsa, kuma a daren jiya Mahbuba ta gaya masa ta ɗinka wa yarinya kayan tarbarsa.

Na bincika lamarin daga inda nake zaune, na gano kewar gida ce. Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san akwai ranar da shinkafar Larabawa ke fita masa a rai. Na ba shi kilishin da aka kawo mini tsaraba. Ta ƙi. Na ce ya gwada cinyar kaza daga kabsa, wato shinkafar tasu, ko ta zama 'yar gari. Ta ƙi, har ta hura masa iska. Na bayyana masa cewa wannan alama ce mai kyau, mara lafiya ba ya faɗa.

4. Ka nemi malami, amma kada ka bi maganarsa

Muna da ɗalibi a jami'a, Uwais, mutumin Maraɗi, mai natsuwa. Tamimu ya ɗauko shi ya duba ko kambun baka ne. Uwais ya tsaya a tsakar gida ya leƙa ta taga, ya ce shi fiƙihu yake karantawa, a kai dabba wurin likitan dabbobi, kuma abin da ya fi shi ne a kira mai ita a gaya masa gaskiya.

Na hana. Gaskiya abu ce mai kyau, amma lokacinta bayan an buga biza. Da maigida ya aiko saƙo yana neman hoton Lulu, na ce a ɗauko ta wajen wutsiya. Ya sake tambaya ina fuskarta, Tamimu ya rubuta masa cewa tana barci. Maigidan ya amsa da wata kalmar Larabci da alamar dariya. Muka juya kalmar muka rasa ma'anarta, sai daga baya Uwais ya ce mana saɓa take nufi, lokacin kuwa aikin gama ya gama.

5. In ka ga saɓa, ka duba ko mai saɓar tana nan

A nan ne ilimin yake, ka buɗe kunne. Idan mesa za ta saɓe fata, launinta yana dusashewa, idonta ya yi hazo, ta daina ci. Daga nan idon ya washe, sai ta goga hanci a jikin wani abu ta zare tsohuwar fatar kamar mai cire safa. Laima take so a lokacin, ɗakin Riyad mai esi kuwa ko burodi ka ajiye sai ya zama katako. Na san duk wannan tun farko, ban faɗa ba ne don Tamimu ya koya da kansa.

Wata safiya ya shiga ya tarar da doguwar saɓa fara sol a jikin ɓawon itace. Ya yi hamdala, ya gane ashe ba ciwo ba ne. Sai ya ɗaga ido ya ga murfin akwati a karkace, tun ranar kabsa bai mayar da sakata ba. Saɓa tana nan, Lulu ba ta nan.

Ya kira ni yana haki. Na ce kafin komai a tanadi hoto: ya yanko tiyon ban-ruwa ya zura a cikin saɓar ya kwantar a akwati. Saɓar ta kekkece a hannunsa. Laifin tiyo ne, na Riyad kauri gare su.

6. In tsohuwa ta kira ka, ka je

Ya ɗaga kujeru, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya zazzage takalman baƙi. Yana rarrafe a gindin dabino sai ya ji muryar mahaifiyar maigida daga wajen wanki tana kiran sunansa. Ya same ta zaune a kujera, lulluɓe da mayafi, ta kife kwandon wanki a ƙasa ta danne shi da sandarta. Ta cikin ramukan kwandon yana hango Lulu, sabuwar fatarta na ƙyalli kamar an shafa mata mai. A bayan injin wanki ta samu laimar da take nema.

Tsohuwar ta ce a sahara aka haife ta, ta kashe macizai tun uban maigidan bai san ta ba, kuma tun ranar da aka shigo da akwatin ta san abin da ke ciki, ɗanta ne kawai yake ganin ya iya ɓoyo. Ta aike shi kicin ya ɗauko mata taɓaryar turmin gahawa ta fasa kan mesar.

Tamimu ya durƙusa. Da guntun Larabcinsa ya gaya mata komai, har da kilishi. Ya fito da waya ya nuna mata yarinyar tana tafiya tana faɗuwa.

"Ba ka taɓa ɗaukarta ba?" in ji tsohuwa.

"Ban taɓa ba, ya hala," wato inna.

Ta kalli yarinyar ta mayar masa da wayar. Sannan ta kira ɗanta a can inda yake hutu, ta buɗe murya yadda Tamimu zai ji. Ta ce yau ba gobe ba ya buga wa direba biza ta wayarsa, macijiya kuma ranar da ya dawo ta bar mata gida, in ba haka ba ita za ta koma gidan 'yarta a Al-Murabba ta gaya wa dangi dalili. Daga can ba abin da ake ji sai "To, Yumma."

Ta ɗage sandar ta ce wa Tamimu ya kwashe 'yar garinsu. Babu mofa a kusa. Ya sa hannu biyu ya ɗauki Lulu, ta naɗe masa a damtse ta kwanta, ya taka da ita har akwati bai yi numfashi ba. Da yamma ya miƙa mata ɓera ta fizge tun bai gama miƙawa ba. Kafin magariba saƙon biza ya shigo wayarsa, ya zauna a bakin ƙofa ya kira Mahbuba, ya ce mata ta fito da kayan yarinya, yana nan tafe.

7. Ka yaba wa wanda ya koya maka, amma a zuci

Abu Mish'al ya dawo ya ga mesa ta yi kyau, ya mayar da ita gidan hutunsa a bayan gari. Ya tambayi Tamimu wa zai riƙa ciyar da ita in ya tafi Kano. Tamimu, mutum mai halacci, ya ce akwai babban masani a Al-Sulay wanda duk abin da ya yi shi ya koya masa, ya ba da lambata, ya hau jirgi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likitan dabbobi ba ne, ba gardi ba ne, ruwa yake kaiwa wuraren gini. Duk wanda ya bi matakan nan mesa ta ɓace, ko ta naɗe shi, ko tsohuwar gidansu ta zamo ba mai tausayi ba, shi ya jiyo, kada ya ambaci sunana a gaban kafili ko 'yan sanda. Wanda kuma ya haɗu da wani Balarabe mai farar mota yana zagaya Al-Sulay da kular ɓeraye yana tambayar Maiwada, ya ce masa na koma Dammam.