Ranar da Fuskar Kaka Ta Koma Kore

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dangi a gidanmu na unguwar Mardjandafak a N'Djamena su kalli kakata a majigi ba. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ban yi nadamar komai ba. To, kusan komai.

Mu jikokin mahajjata ne. Mahaifin Kaka ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari, bai ƙara gaba ba. A gida ana cewa ciwon ƙafa ne ya tsayar da shi. Na daɗe ina roƙon Kaka ta ba ni labarin in ɗauka a waya, sai wata rana da hantsi ta ce, "Zauna, maigidana. Sau ɗaya zan faɗa, kalas, shi ke nan."

Nan ta fasa ƙwai. Ashe ƙafar tsohon lafiyarta lau! Wata mai sayar da kifi ya gani a bakin ruwa, ya ajiye sandarsa, ya ce Makka ba za ta gudu ba. Mai kifin nan ita ta haifi Kaka. Har waƙar da ya yi mata ta rera mini tana dariya.

Na kwashe bidiyon na zuba a kwamfutata ta tebur, wadda na harhaɗa da hannuna, na goge na wayar don ta cika. Sai dai kafin nan na yi wa kwamfutar wani aiki. RAM, wato ma'ajiyar da inji ke riƙe abin da yake aiki a kai, tana da gudun da aka yanka mata, tana kuma da ɗan jiran da take yi kafin ta amsa kowane kira. Ni kuwa na shiga BIOS, inda ake saita injin, na ƙara gudun, na matse jiran har ya kusa ƙarewa. (Me zai sa in sayi doki in riƙa tafiyar jaki?) Kwamfutar ta tashi, tana buɗe komai kafin in ɗauke yatsa. Akwai gwajin da ake barin inji yana yi na tsawon sa'o'i don a ga ko RAM na kuskure. Ban yi ba. Ta taɓa mutuwa sau ɗaya ina tsakar aiki, na ɗora wa masu wuta laifi.

Ranar taro, cikin zafin bazara, dangi suka zo daga unguwannin Habbena da Milezi, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa farin zane a zaure. Kawuna, wanda bai taɓa yarda aikin kwamfuta sana'a ba ce, ya zauna a gaba. Na miƙe na ce, "Yau za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba. Kuma injin nan babu mai gudunsa a N'Djamena."

Kaka ta bayyana, ta yi bismillah. Tana isowa "da ya iso bakin ruwa", sai fuskarta ta koma kore shar, ta farfashe gida-gida, muryarta ta maƙale: "ruwa, ruwa, ruwa, ruwa." Sai allo ya yi shuɗi, inji ya mutu.

"Da shunu?" in ji Kawu da Larabci, wai mene ne wannan. "Ka mayar mana da uwa ganye?"

Aka kwashe da dariya. Gumi ya jiƙe mini riga, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na sake kunnawa, ya sake mutuwa a wuri guda. Zafin zauren ya kashe injin, amma bidiyon tun ranar da na kwafe shi RAM ɗin ta lalata shi a ɓoye, kuma babu wani kwafi.

Na juya ga Kaka. "Don Allah faɗa musu da bakinki. Mai kifin nan."

Ta gyara mayafi, ta dube ni ido cikin ido. "Wace mai kifi, maigidana? Babana ciwon ƙafa ya yi."

Kawu ya ce, "Ka ji ko? Ga lalata hoto, ga ƙarya."

Har yau duk taron da na tayar da maganar sai a ce ga Ruwa-Ruwa ya fara, don sunan da suka laƙaba mini ke nan. Su yi ta yi. Na ji da kunnena, kuma duk sanda na kai wa Kaka shayi sai ta riƙa rera waƙar nan ƙasa-ƙasa, ina ɗaga waya ta yi tsit.

Injin kuma ina nan a kan bakana: babu mai gudunsa, matuƙar yana kunne. RAM ɗin dai na mayar da ita gudunta na asali, na bar mata jiranta, ba don na ji tsoro ba. Na lura ne kawai cewa sauri bai karɓi gidanmu ba. Mu da muka kama hanyar Makka tun zamanin kakanni, har yanzu ba mu wuce Mardjandafak ba.