Sarkin Shinge Ya Tsallake Kogi

Allah ya yi wa garinmu Calder baiwa biyu: iska mai ƙarfi da Mista Lyle Brockmeyer. Ita iskar takan lafa wani lokaci.

Duk wanda ya taɓa killace saniya a gundumarmu ya san shi, domin a shagonsa kaɗai ake samun waya mai ƙaya da turaku da ƙofofin garke. Shekara da shekaru yana sayar wa mutane abin da zai raba su da maƙwabtansu, har abin ya zame masa ilimi. Shi ya sa muka sa masa Sarkin Shinge. Da farko a bayan idonsa muke faɗa, da muka lura daɗi yake ji sai muka dawo faɗa a gabansa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin hula, kan bel ɗinsa kuwa ya isa a zuba wa yaro abinci a kai. Idan ya shigo gidan kofi ba ya zama sai ya gyara murya, ko da mai dafa ƙwai ne kaɗai a ciki.

Kada dai a ɗauke shi ɗan kasuwa kawai, a yi masa rashin kunya. Sarkin Shinge yana cikin mutanen da ke zaɓen shugaban Amurka da hannunsu. To, kusan. Ai kowa ya san yadda abin yake a wurinmu. Mu talakawa mu yi layi a Nuwamba, amma ba mu ke naɗa shugaba ba. Kowace jam'iyya tana tsayar da wakilanta a jiha, wadda ta ci jihar ko da ƙuri'a ɗaya ce ita ke kwashe kujerun duka, sai wakilanta su hallara a babban birnin jiha cikin Disamba su sa hannu. Jiharmu kujera tara gare ta, kuma sunan Lyle yana cikin taran jam'iyyarmu tun gashinsa yana baƙi. 'Yar matsalar ɗaya ce. Rabon jam'iyyarmu da cin jihar nan tun yana saurayi, saboda mutanen biranen bakin teku sun fi mu yawa, kuma ba sa son komai namu, har yadda muke gasa nama.

Don haka ba mai rububin kujerar. Duk bayan shekara huɗu sai a bugo masa waya daga ofishin jam'iyya a ce, "Mista Brockmeyer, za ka sake taimaka mana?" Shi kuma ya ce sai ya yi nazari. Ya bar su suna jira, su da ba su da wani a hannu, sannan ya amsa saboda kishin ƙasa. Abin da yake so a duniya bai wuce guda ba: sau ɗaya tak ya zauna a zauren nan, ya sa hannunsa, a ce da shi aka yi shugaba. Tsakani da Allah wani lokaci har tausayi yake ba ni, sai ya buɗe baki tausayin ya gudu.

Wahayin ya sauko masa ne washegarin wani zaɓe da muka sake shan ƙasa. Muna gidan kofi, talabijin tana nuna taswirar jiha, kowace gunduma da launin wanda ya ci ta. Gabashin jiha duk launinmu ne, shimfiɗe har bakin kogi. Nasu kuwa ɗan siriri ne a gefen teku. Sarkin Shinge ya miƙe da cokali a hannu.

"Jama'a, ku dubi zalunci da idonku! Daga duwatsu har kogi namu ne. Kashi biyu cikin uku na ƙasar jihar nan ta yi magana, amma an ce ɗan zaren can shi ya yi nasara. Ni Lyle Brockmeyer na san shinge, kuma ina gaya muku wannan shingen an kafa shi a karkace!"

Gus Etcheverry mai tumaki, wanda suka yi firamare tare kuma bai taɓa raga masa ba, ya ce, "Lyle, ciyawa ce fa kake nunawa. Yaushe ciyawa ta yanki katin zaɓe?"

"Ƙananan mutane ke ƙirga kawuna, Gus. Manya faɗin ƙasa suke dubawa."

Dabarar kuwa ga ta, kuma wajibi ne a yaba. A tsallaken kogi akwai wata jiha inda jam'iyyarmu ko turke ta tsayar sai ya ci. Kujerarsu huɗu. To me zai hana a ciro iyaka daga tsakiyar kogi, a jawo ta yamma, gundumominmu shida su koma can? In mutanensu suka ƙaru, ƙidaya ta gaba za ta ba su ƙarin ɗan majalisa a Washington, ƙarin ɗan majalisa kuwa ƙarin wakilin zaɓe ne. Huɗu ta zama biyar. "Na biyar ɗin kuma," in ji shi yana shafa kan bel, "tawali'u ba zai bar ni in kama suna ba."

Gus ya ce, "Mu duka gundumomi shidan ko filin ƙwallo ba za mu cika ba. Sai dai in za a ƙirga da shanu."

"Kai dai ka tsaya a tumaki," in ji Sarkin Shinge.

Daga ranar nan bai sake zama ba. Ya sa aka zana sabuwar taswira da jan fenti a bangon shagonsa. Iyakar ta miƙe sambal daga arewa zuwa kudu, sai a wuri ɗaya ta yi wata 'yar lanƙwasa ta bar wani ƙauye a waje, kuma sharrin mutane ne kawai ya sa ake cewa don 'yan ƙauyen a wani shago suke sayen waya. Ya bi kasuwar gwanjon shanu, ya bi gasar hawan bijimi, ya bi liyafar coci inda mata ke kawo wake da burodin masara. Ko jana'iza aka yi, in an yi sake, sai mamacin ya tashi a matsayin wanda ya rasu da baƙin cikin iyaka. Ya shiga lungunan da mai kai wasiƙa ma ke tsoro, ya zaƙulo tsofaffin makiyayan da suka yi fushi da akwatin zaɓe tun zamanin iyayenmu, ya ɗauko su a motarsa ya kai su suka yi rajista. A nan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki kamar jaki.

Aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a gundumomin, muka ce mun yarda. Me zai hana? An ciyar da mu nama. Sai dai ƙuri'ar shawara ce kawai. Kafin iyaka ta motsa ko taku ɗaya sai majalisar jiharmu ta yarda, ta tsallake ta yarda, ta Washington ma ta sa albarka, kuma a cikin ukun babu wadda ta nuna ta ji an yi sallama. Wannan bai dami Sarkin Shinge ba. Ya hau bayan a-kori-kurarsa a gaban shago ya yi mana jawabi.

"Jagora ba ya zama yana jiran iyaka ta zo ta same shi. Shi ke yin gaba, ita ta biyo shi. Daga yau na bar jihar zalunci!"

Ya kama hayar wani gida mai taya a tsallaken kogi, ya kwashi hulunansa, ya sauya takardunsa duka ya zama ɗan can. Matarsa Noreen, wadda ita ke riƙe da shagon tun da ya shiga harkar taswira, ta ce ba inda za ta. Tana da kaji, tana da tumatir, kuma ita ke kaɗa piyano a coci.

"Ka yi gaba, Lyle," ta ce. "In iyakar ta iso ka ce ta biyo ta ƙofar baya, yanzu na goge falo."

Ana cikin haka shekarar zaɓe ta zagayo, wayar nan ta ofishin jam'iyya ta shigo. Allah ya sa ranar Asabar ce, ya tsallako shan kofi, don haka ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Yarinya, gaya wa manyanki Brockmeyer ya wuce nan. Na gaji da riƙe muku kujerar da ba a zama a kanta. Ina da ta gaske a gabana."

Yarinyar ta ce to wa za su sa, ga lokaci ya ƙure?

"Ku sa duk wanda kuka tsinta. Ku sa Noreen ma, ai ba abin da za ta ɓata."

Ya yi dariya, muka taya shi. Su kuwa suka sa Noreen.

A tsallake, Sarkin Shinge ya je babban taron jam'iyya da taswira naɗe a hammata. Wata Misis Tolman ce ke tarbar mutane a bakin ƙofa. Ya gabatar da kansa dalla-dalla, tun daga kakansa. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Sabon zuwa ne kenan? Madalla, dama muna neman masu jera kujeru." A can, ka gani, kujerar wakili ana zama a kanta, saboda haka tana da masu ita. Akwai tsohon gwamna, akwai masu gonakin dankali da jirgin sama ke yi wa feshi, akwai matar marigayi sanata da ba wanda ya isa ya ce mata ta huta. Da ya kawo zancen kujera ta biyar, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce in ma ta zo akwai masu jiranta tun kafin a haifi wasu, sannan ya tambaye shi wa zai riƙa biyan kuɗin kwashe ƙanƙara a dogayen hanyoyinmu da ba kowa a kansu. Duk Asabar Lyle yakan dawo ya ce mana tattaunawa ta yi nisa. Mun ga hannunsa ya yi kanta, amma muka ɗauka ta sa hannu ce a manyan takardu.

Sai Nuwamba ta zo da abin da ba mu taɓa gani ba. Mutanen bakin teku suka yi rigima a tsakaninsu, wani ɗan takara na uku ya fito ya raba musu ƙuri'a. Mu kuma a gabas aka fito kamar an buɗe garke. Tsofaffin nan da Sarkin Shinge ya tayar daga barci, da sanda da keken guragu, duk sai da suka zo, har yanzu da sauran fushin da ya hura musu. Aka yi ta ƙirga, aka sake ƙirgawa. Jam'iyyarmu ta ci jihar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, tazarar ko rabin mutanen da Lyle ya yi wa rajista ba ta kai ba. Kujeru tara suka faɗo mana gaba ɗaya. Shi kuwa tasa ƙuri'ar ya jefa ta a tsallake, inda ko bai fito ba an riga an ci.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya shigo gidan kofi bai gyara murya ba.

Gus ya ce, "A tashi a gaida mai nasara! Lyle, ashe kai ne maganin. Ka ga da an bi taka an yanke mu, da taran nan sun tafi bakin teku, mu kuma muna can muna jiran ta biyar. Ka yi noma, Noreen ta yi girbi."

Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sarkin Shinge bai karaya nan take ba, a yaba masa. Ya buga wa ofishin jam'iyya waya ya ce ya sake nazari, kishin ƙasa ya rinjaye shi. Aka ce sunaye sun riga sun shiga hannun hukuma. Ya koma gida ya lallaɓa Noreen, wai tafiyar da nisa, ga sanyi, ga ciwon gwiwarta, in ta ce ba ta da lafiya ai dole a nemi madadi. Ta ce gwiwarta ba ta taɓa yi mata daɗi kamar bana ba, kuma ko ta kwanta ba za a ɗauko madadi daga wata jiha ba. Da ya ga haka sai ya sanar da mu cewa a gaskiya shi ne zai yi zaɓen, hannun Noreen kawai zai ara. Ya zaunar da ita a teburin cin abinci yana koya mata yadda ake sa hannu da kwarjini, ita kuma tana ɓare gyaɗa.

Ranar sa hannu a Disamba rabin Calder muka cika bas muka bi su babban birni. Noreen ta sa rigarta ta coci. Lyle ya sha gaba, ƙirji a waje, har ƙofar zauren, inda wani ɗan sanda ke raba mutane: wakilai su shiga, iyali da 'yan kallo su hau bene.

"Ni ne Lyle Brockmeyer," in ji shi da muryar da ta cika barandar, "wanda ya riƙe wa jihar nan kujera tun kafin ka fara aske gemu."

Ɗan sandan ya karɓi katin shaidarsa ya duba, ya yi murmushi irin na tarbar baƙi.

"Daga tsallake ka zo? Sannu da hanya, yallaɓai, barka da zuwa jiharmu. Matakala tana hannun hagu."

Sarkin Shinge ya juya ya dubi matakalar. Noreen ta gyara wuyan rigarta, ta leƙa zauren ta ga ba a shiga da kaya, sai ta juyo ta rataya masa jakarta a hannu.

"Riƙe min wannan, Lyle, kar ka ajiye ta a ƙasa. Bari in je in zaɓo mana shugaban ƙasa."