Ɓarawon da Ya Ce "Don Allah" da Sunana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban 'Yan Damfarar Waya, mai girbi ba shuka, mai ofis ba adireshi, Allah ya kai ka inda ya dace da kai.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ni ne Maharazu mai shagon iri da taki da maganin feshi a Kura. Na rubuto a takarda ne domin, kamar yadda ka fi kowa sani, yau kwana tara WhatsApp ɗina yana hannunku.

Na ɗaya, ina yaba tarbiyyar ma'aikacinka. Ya kira ni ina bakin kanal, injin ban ruwa na ta ruri. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi tsutsar tumatir, har gajiyar dashe sai da ya yi mini sannu. Sannan ya ce daga ƙungiyar masu ban ruwa yake, za a yi taro ta waya, in karanto masa lambobi shida da aka turo. To, wa zai gaishe ka haka ka hana shi lambobi shida? Na karanto da ƙarfi saboda ƙarar inji, har sau biyu, har Dattijo maƙwabcin gonata ya haddace. An ce a ƙasan saƙon an rubuta kada a ba kowa. Da Turanci aka rubuta, kuma ni ban ɗauki mai gaisuwa irin wannan a matsayin "kowa" ba.

Na biyu, tunda dama ta samu, alat ɗin shigar kuɗin nan naku na bogi. Bara buhu huɗu na takin yuriya suka hau a-daidaita-sahu, waya ta yi ƙara, kuɗi har yau suna hanya. Ta Madobi suka biyo ne? Haka shafin tallafin taki da kuka yaɗa, mai neman lambar sirrin kati. Tallafi kam ya iso, sai dai ku ya tallafa.

Na uku, kun aika wa duk abokan cinikina saƙo da sunana, wai motar takina ta lalace a hanya, don Allah a taimaka, na gode. Ranka ya daɗe, a nan binciken ofishinka ya gaza. Shekara ashirin ina shago, kaf Kura da Bunkure ba wanda ya taɓa jin "don Allah" a bakina. Ni in mutum ya yi mini tayin banza, ƙofa nake nuna masa. Dattijo ya ce yana ganin "na gode" ya san an sace ni. Hashimu na Kadawa kuwa cewa ya yi a bar muku lambar, wai sabon Maharazu ya fi daɗin ciniki. Mutane suka yi ta dariya a bakin shagona. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na huɗu, mutum ɗaya ce ta yarda, Yaya Adama, wadda ta goye ni, mai gumin shinkafa. Tun ina yaro take addu'ar Allah ya sanyaya mini harshe. Da aka karanta mata saƙonku sai ta fashe da kuka, ta ce addu'arta ta karɓu, ta tura muku jarinta kaf. Tukunyarta a kife take tun ranar. Jarin na mayar mata, ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni fuskarta, lokacin da na gaya mata ba ni ba ne. Ba ta tambayi kuɗin ba. Cewa ta yi, ashe dai ba a amsa ba tukuna.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai albarka abu guda. Manoma na shirin dashe, kuma ta wannan lambar suka san ni. Ku dawo mini da ita, don Allah.

Ka ga abin da kuka jawo. Yaya Adama ce na sa aka fara karanta wa wannan layin, kuma ta ce a gaishe ka.

Naka mai biyayya, wanda ba zai ƙara karanto lamba ba ko da an gaishe shi har kakanni,

Maharazu Mai Iri,
Kura.