Rasuwar Bindigar Kaka Honoré, Sanadin Ƙusa Biyu

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Firmin Dehousse na garin Herstal, tsohon maƙerin bindigogi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ƙungiyar masu adana tsofaffin makamai rasuwar bindigar kakansa Honoré. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aikinsa, tana da shekara ɗari da talatin da ɗoriya.

Marigayiyar ta yi shekara huɗu cikin taɓon ramukan yaƙin duniya na farko a bakin kogin Yser, ta dawo gida tare da mai ita. Mai haƙuri ce, ba ta cin mai da yawa. Tun da aka toshe mata baki ba ta ƙara ɗaga wa kowa murya ba, sai dai ƙwaras-ƙwaras ɗin nan mai daɗi idan an ja kunamarta. A sanin Firmin a lokacin, ita kaɗai ce abin da ya rage a gidan wanda hannun Honoré ya taɓa.

Ciwonta ƙusoshin ribiti biyu ne da ke riƙe da katakon saman bututunta. Duk wanda ya san aiki ya san masana'antar wancan zamanin kai mai tudu take yi musu, kamar ƙwarya a kife. Nata kuwa bajajju ne, ɗaya ma a karkace. Firmin, wanda ya kunyata rabin ƙungiyar a kan irin wannan kuskure, ya yi shekara talatin yana shan tsiyar abokinsa Gaspard: "Kai mai gyara na mutane, wane makaho ne ya yi maka naka?" Rannan ya gaji. Ya huda ƙusoshin, ya share su cikin garin ƙarfe ya zuba a shara, ya buga sababbi daidai da littafi. Sun yi kyau matuƙa.

Ranar Alhamis yayarsa Odile ta zo da gwangwanin wasiƙun gida, domin a samo hoton da za a ajiye gefen bindigar. Nan ta ci karo da takardar da Honoré ya aiko wa matarsa a 1916. A ciki ya ce katakon ya ɓalle, shi kuma ya gyara shi da ƙusoshin kofaton doki biyu, dutse ne gudumarsa, yatsunsa duk sun daskare. Odile ta cire tabarau ta ce, "Firmin, ina ka kai ƙusoshin Kaka?" Motar shara ta riga ta wuce tun ranar Laraba.

Ta rasu ta bar wuƙar bakinta, da maɗaurin fata da ya tsage, da jika mai shekara saba'in da huɗu wanda ya kasa shiga ɗakin aikinsa. Kunya ce ke cinsa, ya kuma faɗa da bakinsa.

Za a shafe ta da mai ranar Asabar ƙarfe goma na safe, a naɗe ta cikin bargon soja, a sa ta a akwatinta. Akwai kofi da waina a wajen Odile. Firmin na roƙon masu ta'aziyya, musamman Gaspard, su dubi gawar su yi shiru. Kada wanda ya ce masa yanzu ta koma ta asali.